Zoben Matar Vandi

Hadiza, ke kika jawo wannan babin na tarihina da nake rubuta muku, don haka ke za ki fara karanta shi, sannan ki miƙa wa ƙannenki. Kin dawo daga biki idonki jajir, kika ce 'yar baffanku ta faɗa miki a gaban mata cewa ubanki ne ya zubar da mutuncin maƙerar gidanmu, shi ya ba amininsa kwalba a madadin dutse. Ranar na tashi na shiga ɗaki, kika ɗauka kunya na ji. Ba kunya ba ce, ɓacin rai ne. Shekara ashirin ana kirana Sadi mai kwalba a bayan idona, na haɗiye. Amma a ce daga gidan Yaya Garba maganar za ta fito ta sami 'yata, wannan kam ba zan haɗiye ba.

Mu maƙeran fari ne, masu aikin azurfa da zinariya. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Zamfara ya kafa maƙera a unguwar Lokuwa, nan cikin Mubi, ubanmu ya gada, da ya rasu ta koma hannun Yaya Garba. Akwai wata ƙa'ida a maƙerar nan da ku ba ku tarar ba. Kowa na iya narka azurfa, kowa na iya lanƙwasa zobe ya goge shi, amma zaunar da dutse a gidansa da rufe masa baki, wannan aikin babba ne shi kaɗai. Ƙarami ba ya rufe zobe in babba yana raye. Kuma ba zan ci haƙƙin Yaya ba, ya iya aikinsa. Dutsen da ya sani shi ne aƙiƙ, jan dutsen nan na zoben malamai da 'yan kasuwa, mai doro a sama, shafaffe a ƙasa, ba kusurwa ko ɗaya. Sai ya zaunar da shi, ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi bakin azurfar yana bugawa har ya kwanta a jikin dutsen. Aƙiƙ jarumi ne, ko a jikinsa. Shekara talatin Yaya yana wannan bugun, bai taɓa fasa ko ɗaya ba, abin da ya sa masa girman kai ke nan.

Ni kuma sai na bi wata hanya. Na yi shekara huɗu a Jos wajen wani dattijo mai yankan duwatsu, na dawo da ɗan inji mai faifai da madubin duba dutse. A can na koyi cewa dutse mai haske, wanda ido ke ratsawa, ba a yi masa doro, fuskoki ake yi masa, ƙanana ƙanana, kowace da karkatarta, don haske ya shiga ya juyo ya fito ta sama. Akwai zagaye, shi ya fi walƙiya amma ya fi cin jikin dutse. Akwai mai siffar ƙwai. Akwai dogo mai kusurwa huɗu da ake yi wa fuskoki kamar matakalar bene, wannan ba ya ɓoye aibi, ko ƙura ce a cikin dutsen sai ya tona ta. Akwai ɗigon ruwa, mai faɗi a gindi da tsini a kai. Kowane da inda yake da rauni, kuma raunin duk a kusurwa yake ko a tsini. Na yi ƙoƙarin gaya wa Yaya wannan sau ba adadi. Sai ya taɓe baki ya ce na je Jos na koyo wasan yara, dutse dai dutse ne. Ya ba ni kusurwar shago kusa da ƙofa, inda ruwan sama ke fesowa, can na ajiye injina.

Vandi mutumin tsaunukan Michika ne, Kirista, manomi, yana zaune a Digil, kusa da Mubi. Mun haɗu tun muna samari, ya kawo wa mahaifinmu gyaran ɗankunnen uwarsa, muka saba har muka zama ba a jin kanmu. Duk ranar kasuwa in ya sauke wakensa ko gyaɗarsa, shagonmu yake zuwa ya zauna a kan bencina, ya sha ruwa, ya yi ta zolayata wai mutum da ƙarfinsa ya zauna yana gugar tsakuwa. Ni kuma in ce da shi shekara nawa yana Mubi har yau in yana maganar matarsa sai ya ce "ya ce" maimakon "ta ce". Lokacin da aka haife ki, Hadiza, shi ya kawo ragon suna a bayan kekensa, ragon yana kuka, shi kuma yana zaginsa da yarensu. Da sallah yana gidanmu, da kirsimeti ina gidansa. Ku da kuka taso ba ku san shi sosai ba, ku sani kun yi asara, kuma ba laifinku ba ne.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan ruwan farko, ya zo mini da wani abu ƙulle a tsumma. Ruwa ya zaizaye gefen mayo, wato rafin da ke ƙarƙashin gonarsa, ya tsinto shi a cikin yashi. Da na kwance sai da na miƙe tsaye. Koren dutse ne da masu saye ke kira tomalin, dogo, ya kai gaɓa biyu na ɗan yatsa, korensa kamar ganyen yakuwa da aka wanke. Ban taɓa riƙe irinsa ba, ko a Jos. Na ce masa akwai masu saye da za su yi rububinsa. Ya ce ba na sayarwa ba ne. Wai ranar da aka ɗaura musu aure a coci da zoben aro suka yi, bayan an tashi aka mayar wa mai shi, matarsa kuma ba ta taɓa yi masa gorin abin ba. Yanzu za su cika shekara ashirin da biyar, za su yi godiya a coci, yana so ya sa mata zobe nata na kanta, da dutsen da ya fito daga gonarsu. Muna kiranta Maman Masi, da sunan 'yarsu.

Na duba dutsen kwana biyu. Akwai wani siririn tsagi kusa da kai ɗaya, sai da madubi ake ganinsa. Na ba shi shawarar mu yi dogo mai matakala, mu sare kan da ke da tsagin mu huta, don irin wannan dutsen tsayinsa ne kyansa. Na zana masa siffofin duka a bayan kwali. Ya sa yatsa a kan ɗigon ruwa.

"Wannan nake so. Ya yi kama da ƙwayar agushi, shi yake shukawa a bayan ɗaki kowane shekara." Matarsa yake nufi.

Na ce masa zai yiwu, amma tsinin zai faɗo kusa da tsagin, dole a lallaɓa. Ya ce shi ya sa bai kai wa kowa ba sai ni.

Kwana tara na yi a kansa. Vandi ya zo sau uku ya zauna yana kallo, ba ya ko zolayata. Na kauce wa tsagin da abin da bai fi faɗin gashi ba. Da na gama na wanke shi na ɗaga a bakin ƙofa, har mai shayin da ke tsallake sai da ya baro teburinsa ya zo gani. Ban taɓa yin aiki irinsa ba, kuma ban ƙara ba. Na ƙera zoben da kaina, na yi masa farata huɗu da za su riƙe gindin, da wata 'yar hula ta azurfa da za ta rufe tsinin, yadda za a danna su a hankali da hannu ba tare da bugu ba. Saura rufewa kawai. Na roƙi Yaya ya bar ni in rufe wannan ɗaya, ɗaya tak. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni ko ya mutu ne bai sani ba. Na ce to, in shi zai yi, don girman Allah kada guduma ta taɓa shi, kuma ya jira ni ina tsaye. Ya ce ya ji.

Washegari aka aiko surukina ya rasu a Maiha. Na ɗauki mahaifiyarku muka tafi, muka yi kwana huɗu. Da na dawo Yaya ya ce ai an gama, Vandi ya zo ya karɓa, ya yi ta godiya. Raina ya sosu, amma na ce tunda an rabu lafiya shi ke nan.

Ranar godiyar tasu, bayan sun taso daga coci, na je Digil cin abinci. An kafa rumfa, an yi shinkafa, an yanka mini kaza daban kamar yadda suka saba. Maman Masi ta taho cikin sabon zane tana dariya, ta miƙo mini hannu ta ce in ga aikina. Kallo ɗaya na yi. Siffar ɗigon ruwa ce, kore ne, amma gefen fuskokin a dakushe suke irin na abin da aka zuba a mazubi, kuma ba farata, ba hula, an zagaye shi da bakin azurfa an bubbuge irin na aƙiƙ. Kwalba ce, irin wadda ake liƙa wa sarƙar yara. Vandi yana gefe yana kallon fuskata yana jiran in yaba. Na ce Allah ya sa albarka. Kazar nan ban iya cin ko tsoka ɗaya ba, na ce cikina ne, na hau mashin na taho.

Na sami Yaya a shago yana zuga wuta. Ban yi sallama ba. Na tambaye shi ina dutsen Vandi. Da farko ya ce wane dutse kuma, da ya ga idona sai ya jawo wani gwangwanin ashana ya buɗe. Ga shi nan gida biyu, ya tsage daga tsini har tsakiya. Wai da ya ga faratan nan nawa bai yarda da su ba, za su kama zane su karye, sai ya cire ya yi baki irin na gidanmu. Bugu na uku dutsen ya buɗe. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ko alamar nadama babu. Cewa ya yi laifin yankana ne, wane mai hankali ke yi wa dutse tsini. Na ce masa kalmomin da ban taɓa gaya wa na gaba da ni ba. Sannan na ce ya ba ni babban ɓarin, zan iya fitar da ƙaramin ƙwai daga ciki, mu je tare mu gaya wa Vandi gaskiya mu ba shi haƙuri, mutumin kirki ne zai ji. Yaya ya rufe gwangwanin ya sa a aljihu, ya ce shi Garba ba zai je ƙauye ya durƙusa wa manomi ba. Da la'asar ya gaya mini ya jefa su a masai, don kada in sami abin nunawa.

Na nufi ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ina ganin a can zan sami gaskiya. Ashe ya riga ni. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, matan gidan duk sun yi tsit a tsakar gida suna saurare. Ta bar ni na gama kumfar bakina tas. Sannan ta ce ta ji, yayana bai kyauta ba, amma sunan Garba shi ne sunan maƙerar, ranar da aka ce babban gidan ya ba da kwalba, ranar za a rufe ƙofar da ubanmu da kakanmu suka buɗe, kuma baki goma sha bakwai ke ci daga wurin. Ni kuwa yaro ne, in an ce yaro ya yi kuskure da sabon injinsa, kwana biyu an manta. Yaro! Ina da shekara arba'in da biyu, da 'ya'ya huɗu. Na ce Inna, ba kuskure za a ce ba, sata za a ce. Sai ta ture faifan shinkafar, ta dafa ƙirjinta.

"Sa'adu, in bakinka ya ambaci sunan yayanka a kan maganar nan ina raye, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ku da kuka yi boko za ku ce me ya hana in ƙi. Ban sani ba ko za ku gane. Haka na fito daga ɗakin nan. Mahaifiyarku ce kaɗai ta yi magana, ta ce mini a ɗaki wannan zalunci ne kuma zan yi da-na-sani. Na daka mata tsawa na ce ta yi mini shiru. Ita ma ina neman gafararta a nan, ko da yake ba ta da ran karantawa.

Wata uku kwalbar ta yi kafin ta tona kanta. Mace mai surfe da wanki, fuskar ta karce, ruwa ya shiga ƙarƙashi, korenta ya yi fari-fari. Duk watannin nan Vandi yana zuwa yana zama a bencina, ni kuma ina ƙirƙiro aikin da zai fitar da ni. Ran nan ranar kasuwa, da hantsi, ya shigo bai zauna ba. Yaya yana wurin, da mutum uku masu jiran aiki. Ya ajiye zoben a kan teburina a hankali. Bai ɗaga murya ba, bai ko dubi inda Yaya yake ba.

"Sadi, ni ban zo faɗa ba. Ka gaya mini kawai. Wane ne ya yi wannan?"

Ina jin zugar Yaya ta tsaya a bayana. Na dubi zoben, na dubi ƙasa. Ya sake tambaya, har ya dafa kafaɗata. Na ce masa dutsen a hannuna ya ba ni, don haka ni zai tuhuma. Na ɗauka na yi dabara, ban yi ƙarya ba kuma ban saɓa wa Inna ba. Ya tsaya yana kallona har na ƙagu. Sannan ya ɗauke hannunsa, ya ce to, ya fita. Zoben ma a nan ya bar shi.

Mutum ukun nan su suka kai maganar kasuwa. Kafin sati ta zama na sayar da dutsen a Jos na sayi fili. Wane fili? Ku kun san a gidan haya kuka girma. Masu kawo mini duwatsu suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai ba mai musanya dutsensa. Yaya kuwa sai ya riƙa girgiza kai a gaban mutane yana cewa shi ma abin ya ba shi kunya, yaran yanzu sai addu'a. Da kunnena na ji shi. Kafin shekara ta zagayo na rufe injina da buhu, na koma gyaran agogo da tocila a bakin titi. Da wannan na ciyar da ku. Inna ta ce kwana biyu za a manta, ga shi har jikokinta na jifan juna da maganar a wajen biki. In na hango Vandi a kasuwa sai in canza layi. Bai taɓa zagina ba, bai kai ni ƙara ko'ina ba. Da na ji ya rasu, shekara tara bayan nan, na sa riga har na kai bakin titi, na kasa, na dawo.

Inna ta rasu shekara biyu bayansa. Na yi mata duk abin da ɗa ke yi wa uwa, kuma ina roƙa mata rahama har gobe, amma ba zan rubuta muku cewa ta yi daidai ba. Bayan sadakar arba'in na ce yanzu bakina ya kwance. Na shiga keke na tafi Digil da safe. Na sami Maman Masi a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa, ta rame. Ta gane ni. Ta sa aka ba ni kujera, ba ta sa an kawo ruwa ba. Na zayyana mata komai, da guduma, da gwangwani, da rantsuwar Inna. Ina magana ina jin wani sanyi a raina, ina cewa yau dai za a wanke ni. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗar ba har na kai ƙarshe.

"Malam Sadi, wannan duk mun sani."

Na ce kun sani kamar yaya. Ta ce da zoben ya lalace, Vandi ya zagaya da shi wajen masu kayan ƙyale-ƙyale a kasuwa, wani mai tebur ya gane kayansa, ya ce Garba maƙeri ne ya zo da kansa ya zaɓa, har ya ce a nemo masa mai tsini. Wannan kwana biyu ne kafin ya zo shagonmu. Ta ce a daren da zai zo ta hana shi, ya ce a'a, dutse ai daga ƙasa ya fito, wanda ya fashe ya fashe, shi abokinsa yake so ya ji daga bakinsa. In Sadi ya faɗi gaskiya, ko a kunne ya raɗa masa, magana ta mutu. Ta ce da ya dawo bai ci abinci ba. Abin da ya ce mata kawai, ya tambaye ni sau biyu, na dube shi na zaɓi in zama ɓarawo da in yarda da shi.

Na ce me ya sa bai faɗa wa mutane ba, ya bar ni cikin wannan suna. Ta ɗago ta dube ni a karo na farko.

"Kai da ka sani ba ka faɗa ba, shi ne zai shiga tsakaninka da ɗan uwanka? Kowane ranar kasuwa in ya dawo sai na tambaye shi, abokinka ya yi magana? Ya ce tukuna. Har ya kwanta ciwo yana cewa tukuna."

Ta tattara gyaɗarta a kwarya ta miƙe, ta ce in yi haƙuri tana da aiki a ciki. Na zauna a kujerar nan ni kaɗai har wata yarinya ta zo ta ce za a shiga da ita.

To Hadiza, ki je ki gaya wa 'yar baffanku ubanta ne ya fasa dutsen, shi ya sayo kwalbar, shi ya jefa shaida a masai, in tana musu ta zo ta same ni ina nan da raina. Wannan ki faɗa da ƙarfi, ba na tsoron kowa. Amma in aka tambaye ki ko ubanki ya cuci Vandi, kada ki yi gardama. Ki ce ƙwarai, ya cuce shi.